Darasi na 14: Ciniki Daban, Riba Daban

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ɗalibi zai iya:

1. bambanta ciniki da ribar aiki da riba ta ƙarshe;
2. karanta labarin kuɗin babban kamfani ya gane abin da alƙaluman ke faɗa;
3. bayyana yadda canjin kuɗi ke taɓa farashin kaya a Kwatano;
4. rubuta lissafin wata ɗaya na ƙaramar sana'a, ya ware kuɗin sauya kayan aiki.

Gidan gem a Zongo

Kasuwanci gado ne a unguwar Zongo ta Kwatano. Kakanni sun yi fataucin goro da shanu, iyaye sun yi na atamfa da motoci, suna kai da kawo tsakanin tashar jiragen ruwa, kasuwar Dantokpa, Legas da Nijar. Matasan yau sun ƙara wata sana'a a kan waɗannan, wato gidan gem.

Wanda ya leƙa irin wannan shago ya san fasalinsa. Talabijin uku ko huɗu a jikin bango, benci a gaban kowace, fanka tana kaɗawa a kan na'ura don kada ta yi zafi ta ɗauke. Hannun gem ɗaya an naɗe shi da salatif saboda ya sha faɗuwa, wani kuma robar kansa ta cinye saboda yawan murzawa. Yaron shago yana bakin ƙofa da biro da ɗan littafi, duk wasan ƙwallon da aka gama sai ya ja layi ɗaya. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, sai gardama ta kaure: a biya ne, ko a sake daga farko?

Na'urorin da ke cikin shagon ba a nan aka ƙera su ba. Kamfanoni uku ne ke riƙe da wannan kasuwa a duniya: Sony mai PlayStation da Nintendo mai Switch, dukansu na Japan, sai Microsoft na Amurka mai Xbox. A gidajen gem na ƙasashenmu PlayStation ce ta fi yawa, saboda wasan ƙwallon ƙafa, kuma galibi ta hannu ce aka shigo da ita. Duk bayan wata uku waɗannan kamfanoni suna fitar da bayanin kuɗinsu ga masu hannun jari, jaridu su ɗauka, labarin ya iso wayoyinmu. Wannan bayani littafin shago ne, sai dai alƙalumansa manya ne. Wanda ya iya karanta shi zai iya gyara nasa littafin.

Labarin Nintendo

Fusajiro Yamauchi ne ya kafa Nintendo a birnin Kiyoto a 1889, kuma katin wasa na takarda ya fara yi. Sai a 1983 kamfanin ya fitar da na'urar Famicom da ake jonawa da talabijin, ya biyo ta da Game Boy da ake riƙewa a hannu a 1989. A 2006 ya fitar da Wii, wadda aka sayar da fiye da miliyan 101 nata. A daidai lokacin kuma ƙaramar na'urarsa ta hannu, DS, tana tashe, har ta haura miliyan 154. Kuɗi suka yi ta shigowa.

Daga nan kasuwa ta juya. Wayoyin zamani suka bazu, mutane suka koma buga wasa a kansu kyauta ko da 'yan kuɗi kaɗan. Nintendo ya fitar da 3DS a farkon 2011 a kan yen 25,000, masu saye suka ja baya. A watan Agusta na shekarar dole ya karya farashi zuwa yen 15,000, har ya zama yana sayar da ita ƙasa da abin da ya kashe wajen ƙera ta. A ƙarshen 2012 ya fitar da Wii U. Jama'a da yawa ba su ma gane sabuwar na'ura ba ce, sun ɗauka wani abu ne da ake ƙara wa tsohuwar Wii. Duk tsawon rayuwarta, abin da aka sayar bai kai miliyan 14 ba.

Ga alƙaluman wasu shekaru. Shekarar kuɗi ta Nintendo tana farawa ranar 1 ga Afrilu ta ƙare ranar 31 ga Maris. An rubuta su da biliyan na yen, kuɗin Japan, kuma alamar (−) tana nufin asara.

| Shekarar da ta ƙare a Maris | Ciniki | Ribar aiki | Riba ta ƙarshe |
|---|---|---|---|
| 2009 | 1,839 | 555 | 279 |
| 2012 | 648 | −37 | −43 |
| 2013 | 635 | −36 | 7 |
| 2014 | 572 | −46 | −23 |
| 2021 | 1,759 | 641 | 480 |
| 2025 | 1,165 | 283 | 279 |

Ku dubi layin 2014. Kamfanin ya sayar da kaya na yen biliyan 572, amma da aka zauna lissafi, asara ya yi. Kuɗi sun shigo da yawa, waɗanda suka fita sun fi su yawa. Wannan shi ne ginshiƙin darasinmu: yawan abin da ya shiga akwati ba shi ne arziki ba, abin da ya rage bayan an sallami kowa shi ne naka.

Shekara uku a jere Nintendo yana asarar aiki, amma bai rushe ba. Dalili shi ne, lokacin da Wii da DS ke tashe bai rabe ribar duka ba. Ya ajiye ɗaruruwan biliyoyin yen, kuma ba ya ɗauke da bashin banki mai nauyi. Shugabansa na lokacin, Satoru Iwata, ya rage rabin albashinsa a 2011, ya sake yin haka a 2014, kuma ya ƙi korar ma'aikatan da ke tsara wasanni a Japan don rahoton shekara ya yi kyau. Ra'ayinsa shi ne, mutumin da ke fargabar rasa aikinsa ba zai ƙirƙiro abin da zai burge duniya ba. Iwata ya rasu a watan Yuli na 2015, bai ga amfanin haƙurinsa ba. Ranar 3 ga Maris 2017 aka fitar da Switch, na'urar da ake bugawa a talabijin kuma a cire ta a tafi da ita a hannu. Zuwa ƙarshen 2024 an sayar da fiye da miliyan 150. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: kuɗin da aka tanada a shekarun daɗi su suka riƙe kamfanin har sabuwar na'ura ta fito.

Ba kowa ne ya tsira haka ba. Kamfanin Sega, mai Mega Drive da wasan Sonic, ya yi gogayya da Nintendo kafaɗa da kafaɗa a farkon shekarun 1990. Na'urarsa Saturn ba ta karɓu a Amurka da Turai ba, Dreamcast ta fito a 1998 kamfanin yana cikin asara, sai ga PlayStation 2 ta Sony a 2000 ta kwashe kasuwa. A farkon 2001 Sega ya sanar da daina ƙera na'urar gem ta gida. Ya koma rubuta wasanni, har Sonic ya bayyana a kan na'urorin tsohon abokin hamayyarsa.

Ina ribar take fitowa?

Da yawa suna zaton kamfani yana cin riba mai tsoka a kan kowace na'ura da ya sayar. Sau da yawa ba haka ba ne, musamman a farkon fitowarta. Sony ya sayar da PlayStation 3 a kan asara lokacin da ta fito a 2006, Nintendo ma ya faɗa da bakinsa cewa haka zai sayar da Wii U. Lamarin ya yi kama da layin waya: ana ba ka shi da araha, wani lokaci ma kyauta, domin kamfanin ya san kuɗinsa suna cikin katin da za ka yi ta sakawa shekara da shekaru.

Ƙofofin ribar su ne waɗannan. Ta farko, wasannin da kamfani ya rubuta da kansa. Ana kashe kuɗi masu yawa kafin a kammala wasa ɗaya, amma da zarar an gama, kwafi na miliyan goma ba ya cin wani kuɗin kirki. Wasan tseren motoci Mario Kart 8 ya fara fitowa a kan Wii U a 2014. Da aka gyara shi aka maida kan Switch, an sayar da fiye da kwafi miliyan 60. Ta biyu, kason da mai na'ura ke karɓa daga wasu kamfanoni masu sayar da wasanninsu a kanta, wanda a shagon intanet yakan kai kusan kashi 30 cikin 100. Ta uku, kuɗin wata-wata da ake biya don a buga da mutanen nesa ta intanet, irin su PlayStation Plus. Ta huɗu, kayan haɗi kamar hannun gem.

Saboda darajar wasanni ne Microsoft ya biya kusan dalar Amurka biliyan 69 ya sayi kamfanin Activision Blizzard, cinikin da aka kammala a watan Oktoba na 2023. Asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ma ya sayi kashi 5 cikin 100 na hannun jarin Nintendo a 2022. Abin da wasu ke gani wasan yara ne, masu manyan kuɗi sun ɗauke shi kasuwa.

A nan akwai abin lura ga mai shago. Na'ura ta hannu da aka yi wa kutse aka cika ta da wasannin kwafi ba ta kai wa kamfanin ko sefa ɗaya. Ta fi araha a yau, amma ba ta da garanti, kuma in aka jona ta da intanet ana iya toshe ta. Ya kamata mai saye ya san wannan kafin ya miƙa kuɗinsa.

Canjin kuɗi

Ku koma layin 2013 a jadawali. Ribar aiki ta nuna asarar biliyan 36, amma riba ta ƙarshe ta nuna an samu biliyan 7. Yaya aka yi mai asara ya tashi da riba? Nintendo yana da ajiyar dala da yuro masu yawa, domin kusan kashi uku cikin huɗu na cinikinsa a wajen Japan yake yin sa. A ƙarshen wannan shekara darajar yen ta faɗi, don haka da aka lissafa dalolin da yen sai adadinsu ya ƙaru. Ribar canji ce, ba ta sana'a ba. A 2009 akasin haka ya faru: yen ya yi ƙarfi, ya zaftare wani ɓangare na ribar.

Ɗan Zongo ba baƙo ba ne a wannan fage. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, farashin da ba ya motsi, kuma babban bankin BCEAO da ke Dakar ne ke fitar da ita. Don haka duk ƙarin da aka yi a Turai yana isowa nan kai tsaye. A watan Agusta na 2022 Sony ya ɗaga farashin PlayStation 5 mai cin faifai a Turai daga yuro 499.99 zuwa 549.99, ya ce tsadar kaya da canjin kuɗi ne suka sa. Da sefa, daga kusan 328,000 ke nan zuwa kusan 361,000, tun kafin a sa kuɗin jirgi, na kwastan da ribar dila. Switch 2, wadda ta fito ranar 5 ga Yuni 2025 aka sayar da fiye da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu, farashinta a Faransa lokacin fitowarta yuro 469.99 ne, kusan sefa 308,000.

Naira kuwa tata hanyar daban. Da aka sake ta a watan Yuni na 2023, ta tashi daga kusan 460 a kan dala ɗaya a farashin gwamnati, ta haura 1,500 a farkon 2024. Mai sefa da ya je kasuwar Alaba a Legas zai ga an ba shi naira da yawa wajen 'yan canji, amma ɗan kasuwar can da dala ya sayo kayansa, kuma da ita yake yanke farashi. Ga kuma matsalar hanya: Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, hanyar Malanville zuwa Gaya kuma ta shiga tangarɗa tun juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023. Duk wanda ya ci ribar canji a wata guda, kada ya gina sana'arsa a kanta, domin gobe tana iya juyawa.

Tambayoyi huɗu kafin ka yarda da labari

In ka ga labari cewa wani kamfani ya samu kaza, ka tsaya ka tambayi kanka:

1. *Ciniki ne ko riba?* Masu rubuta kanun labari sukan ɗauki adadin da ya fi girma.
2. *Da wane lokaci aka gwada?* Watannin Oktoba zuwa Disamba su ne kakar waɗannan kamfanoni saboda sayayyar Kirsimeti. Ana gwada su ne da irinsu na bara, ba da watannin da suka gabace su ba. Mai gidan gem ma kada ya gwada makon Sallah ko hutun makaranta da lokacin jarrabawa.
3. *Wa aka sayar wa?* Wani adadin na kayan da aka tura wa diloli ne, wani na waɗanda suka isa hannun masu amfani. Kayan da ke jibge a sito ba su zama ciniki na gaskiya ba tukuna.
4. *Shekarar nawa na'urar?* Kowace na'ura tana tashe ta sauka cikin shekara shida zuwa takwas. Raguwar cinikin Nintendo daga 2021 zuwa 2025 tsufan Switch ne ya kawo ta, kuma shekarar 2021 ta zo daidai da zaman gida na korona, lokacin da mutane suka yi ta sayen wasanni.

Lissafin shago

Wannan misali ne don koyon lissafi. Kowa ya sauya alƙaluman da na shagonsa.

Wani matashi yana da na'ura 4. Kowace ana buga wasa 30 a kanta a rana, kowane wasa sefa 100.

- Cinikin rana: 4 × 30 × 100 = 12,000
- Cinikin wata: 12,000 × 30 = 360,000

Abin da ya kashe a wata:

- Hayar shago: 40,000
- Kuɗin wuta: 45,000
- Man janareto: 30,000
- Albashin yaron shago: 40,000
- Intanet: 15,000
- Gyara da sayen hannun gem: 30,000
- Haraji da takardu: 10,000
- Jimla: 210,000

Abin da ya rage: 360,000 − 210,000 = 150,000.

A nan ne masu sana'a da yawa suke tsayawa, su ce sun ci ribar 150,000. Akwai sauran abu guda. Kowace na'ura da talabijin ɗinta ya saye su a kan 270,000, huɗun sun kama 1,080,000. In za su yi aiki shekara 3, wato wata 36, to kowane wata suna cinye 30,000 daga darajarsu. Wannan kuɗi ba nasa ba ne, na kayan aiki ne, kuma dole a ware shi gefe.

Ribar aiki ta gaskiya: 150,000 − 30,000 = 120,000.

Wanda ya cinye wannan 30,000 kowane wata, uwar kuɗinsa yake ci bai sani ba. Bayan shekara uku na'urori za su gaji, sabon wasan ƙwallo ya fito wanda tsohuwar na'ura ba ta ɗauka, yara su koma shagon da ke gaba. Wasan ƙwallon kamfanin EA, da aka sani da FIFA har ya koma EA Sports FC a 2023, kowace shekara ake sabunta shi wajen ƙarshen Satumba, kuma masu bugawa suna son ganin 'yan wasa a sababbin kulob ɗinsu. Wanda ya ware kuɗin, ko a asusun waya ko a adashi ko a banki, ranar sauyi za ta same shi a shirye.

Haƙƙin unguwa

Riba mai ɗorewa tana bukatar yardar jama'a. Gidan gem da ke karɓar yara a lokacin makaranta ko islamiyya, ko ya bar samari suna ɗora kuɗi a kan wasa har ya zama caca, zai yi ciniki na ɗan lokaci, amma iyaye da malamai za su juya masa baya, kuma suna da gaskiya. Mai shago na ƙwarai yana rufewa lokacin salla, yana hana yaro mai kayan makaranta zama, yana rage ƙara da dare. Iyaye kuma su san cewa wasanni da yawa suna sayar da abubuwa a cikinsu da kuɗi na gaske, wasu ma sai ka biya sannan ka ga abin da ka samu. Kada a bar wa yaro lambar sirrin asusun waya.

Kalmomin da za a riƙe

- Ciniki: duk kuɗin da suka shigo daga sayar da kaya ko aiki.
- Ribar aiki: abin da ya rage daga ciniki bayan an cire duk kuɗin gudanar da sana'ar.
- Riba ta ƙarshe: abin da ya rage bayan an haɗa ribar canji ko asararsa, an kuma biya harajin riba.
- Kuɗin tsufan kaya: kason da ake warewa kowane wata don sauya kayan aiki.
- Hannun jari: kason mallakar kamfani da mutum ya saya.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka kafa Nintendo, kuma me ya fara sayarwa?
2. Me ya sa Nintendo ya tsira daga asarar shekara uku, Sega kuma ya bar ƙera na'ura?
3. Kawo hanyoyi uku da mai ƙera na'ura ke samun riba ban da sayar da na'urar.
4. A jadawali, riba ta ƙarshe ta 2009 da ta 2025 ɗaya ce, amma cinikin ya bambanta. Nawa ne bambancin cinikin? Me wannan ya koya maka?
5. Hannun gem yana yuro 70 a Faransa. Sefa nawa ke nan, in ka lissafa yuro ɗaya a kan 656?
6. A misalin shago, in wasannin kowace na'ura suka ragu zuwa 20 a rana, abin kashewa kuma bai canza ba, nawa ne ribar aiki? Wace shawara za ka ba mai shagon?

Tattaunawa a aji

Ku rabu gida biyu. Kashi ɗaya ya kare ra'ayin cewa shugaban da sana'arsa ta shiga asara ya fara rage nasa kason, ɗaya kashin ya kare ra'ayin rage ma'aikata. Kowane ɓangare ya kawo misali daga sana'ar da ya sani.

Aikin gida

Ɗauki sana'arka ko ta wani na gidanku, ko ɗinki ce, ko sayar da abinci, ko acaɓa, ko cajin waya. Ka raba shafi biyu: abin da ya shigo a dama, abin da ya fita a hagu, kwana bakwai a jere, ba tare da tsallake ko sefa 25 ba. Sannan ka rubuta babban kayan aikinka, nawa ka saye shi, wata nawa kake sa ran zai yi, ka fitar da kuɗin tsufansa na mako ɗaya ka cire. Ka zo da littafin aji na gaba, za mu duba ribar aikin kowa tare.